Kafin A Aza Tubali A Keffi: Wa Zai Riƙe Mabuɗi, Kuma Nawa Ne Albashinsa?

Duk sa'ad da aka tayar da zancen gidan tarihi a ƙasar nan, abin da ke fara zuwa bakin manya shi ne gini. Wane fili za a yanka, bene hawa nawa za a ɗora, wane ɗan kwangila za a ba, wane babban baƙo zai zo ya yanke ƙyalle ranar buɗewa. A nan zance yake tsayawa. Da wuya a ji wanda ya miƙe a taro ya ce, to, bayan makaɗa sun rataye ganguna 'yan rakiya sun watse, wane ne za a bar wa mabuɗin ɗakin ajiya, ta wace hanya aka zaɓo shi, kuma nawa zai riƙa kai wa iyalinsa a ƙarshen wata? Alhali kuwa a kan amsar waɗannan tambayoyi ne gidan tarihi yake tsayuwa ko ya faɗi.

Babu garin da ya kamata ya yi wa kansa wannan tambaya tun da wuri kamar Keffi. Gidan tarihin da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa take da shi a Jihar Nasarawa yana Lafiya, babban birnin jihar, kuma ba mai yi wa Lafiya ƙyashi a kan haka. Amma al'amarin da ya girgiza Arewa baki ɗaya a Keffi ya auku. Tun farkon ƙarni na 19 Abdu Zanga ya kafa garin ya kewaye shi da kafi, wanda daga gare shi sunan ya samo asali, garin kuma ya kasance yana bin Zazzau. Ya zauna a kan hanyar fatake da ta taso daga Loko a bakin Binuwai ta nufi Zariya da Kano, shi ya sa matafiyan Jamus irin su Gerhard Rohlfs a 1867 da Paul Staudinger a 1885 suka yada zango a cikinsa suka rubuta abin da idonsu ya gani. Ranar 3 ga Oktoba, 1902, Magaji Ɗan Yamusa, wakilin Sarkin Zazzau a Keffi, ya kashe Razdan Kyaftin Maloni a dandalin da ke gaban fada, ya hau doki ya nufi Kano, inda Sarki Alu Babba ya karɓe shi da girmamawa. Wannan karɓa tana cikin hujjojin da Gwamna Lugga ya kafa ya tura sojansa, Kano ta faɗa hannun Turawa a Fabrairun 1903, Sakkwato ta biyo baya a Maris, shi kuwa Magaji ya bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi, inda suka kwanta dama tare a watan Yuli na wannan shekara. Kabarin Maloni yana bisa dutsen da har yau ake kira da sunansa. Garin da yake da irin wannan labari, ga fada, ga tsohuwar Kwalejin Gwamnati inda marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi karatu, ga Jami'ar Jihar Nasarawa da ta fara aiki a 2002, ga Abuja a bayan gida tafiyar kilomita 50 ko ɗoriya kaɗan, lalle ya cancanci gidan tarihi na jama'a wanda ya dace da sunansa. Ba a nan gardama take ba.

Gardama tana kan mutanen da za a danƙa wa amanar, domin kayan da ake magana a kansu ba tarkace ba ne. Ƙauyen Nok, wanda sunansa ya zagaya duniya, yana kudancin Jihar Kaduna, maƙwabciyar Nasarawa, tafiyar 'yan sa'o'i a mota daga Keffi. A can masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a 1928, aka kuma tabbatar daga baya cewa sun haura shekara 2,000 a ƙasa. A tsakiyar shekarun 1990 aka yi ta tone-tone ba dare ba rana a ƙauyukan da ke tsakanin kudancin Kaduna da yankin Abuja, dillalai suna saye a hannun talakawa a kan kuɗin cefane suna ketarawa da su. A shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa kayan Nok cikin jerin abubuwan Afirka da ta gargaɗi kowa da kada ya saya. A wannan shekara dai Shugaba Shirak na Faransa ya buɗe sabon zaure a gidan tarihin Luvur da ke Faris, sai ga kayan Nok a baje a ciki. Bayan an sha surutu, a 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25. Mai karatu ya auna da kansa: kayan da shugaban wata babbar ƙasa ya yarda a zarge shi saboda su, su ne irin waɗanda ake shirin barin su a hannun maigadin da ke bin bashin garin kwaki a kanti.

Kyautuwa ya yi a waiwaya a ga yadda aka fara. Ba don a wanke Turawan mulkin mallaka ba, domin su ne suka wawashe fadar Binin a 1897, su ne kuma suka ɗauke tutar Attahiru daga Burmi ba a dawo da ita ba sai a 1960. Amma gaskiya ko daga bakin wa ta fito sunanta gaskiya. Kenneth Murray, wanda aka naɗa mai binciken kayan tarihi a 1943, ya riga ya shekara 16 yana koyar da zane yana yawo lungu-lungu a ƙasar nan kafin a ba shi muƙamin. Bernard Fagg, ƙaramin jami'in mulki ne a Jos amma ya karanta ilmin tone-tonen tarihi a Kambirij, shi ya sa da aka kawo masa wani kan yumɓu da wani akawun ma'adinai ya kafa a gonar doya don korar tsuntsaye, nan take ya gane cewa ɗan'uwan na Nok ne. Da a ce wanda ke zaune a kujerar nan a ranar ɗan lelen wani ne da aka nemar wa wurin fakewa, da kan ya koma gona ya ci gaba da gadin doya. Fagg ne ya buɗe gidan tarihin Jos a 1952, na Ikko ya biyo baya a 1957. Da lokaci ya yi na miƙa ragama ga ɗan ƙasa, ba a tsinto wani daga taron siyasa ba. Ekpo Eyo daga ƙaramin ma'aikaci ya fara a cikin sashen, aka tura shi karatu Ingila, ya dawo ya yi tono da hannunsa a Ife da Owo. Ya riƙe shugabanci daga 1968 zuwa 1986, watau shekara 18, a ƙarƙashin gwamnatocin soja da na farar hula, kuma a zamaninsa aka kafa Hukumar ta yanzu da Doka ta 77 ta 1979, aka kuma zagaya da kayan tarihin Nijeriya manyan biranen Amurka da Turai daga 1980 har duniya ta sara wa ƙasar nan.

Duk da haka, ko Ekpo Eyo bai iya tare ƙofa ba ranar da mai iko ya zo da kansa. A 1973, da Janar Yakubu Gowon zai kai ziyara Ingila, sai aka ɗauki wani kan tagulla na Binin, na asali, mai ɗaruruwan shekaru, daga gidan tarihin Ikko aka kai wa Sarauniya tsaraba. Kayan al'umma ne, an ajiye su da sunan al'umma, amma suka fita ta ƙofar gaba da rana tsaka, kuma jama'a ba su san hakikanin abin da ya faru ba sai a 2002 da jaridun Ingila suka tono maganar. Wannan labari shi kaɗai ya isa ya nuna cewa ilmi bai wadatar da shugaban gidan tarihi ba. Yana bukatar kujerar da ba za a janye masa ita ba don ya ce a'a. In har masani irin Eyo, a Ikko, a gaban idon jakadun duniya, bai iya hana shugaban ƙasa ba, ina ga wani ƙaramin ma'aikaci a Keffi wanda takardar canjin wurin aikinsa tana cikin aljihun Babban Sakatare, ranar da aka aiko a ce ana neman wani tsohon takobi ko sirdi don a yi wa babban baƙo kyauta?

To, yaya ake naɗin a wannan zamani? Sanarwa ce take fitowa daga fadar shugaban ƙasa, jama'a su ji a rediyo kamar yadda suke jin sakamakon wasan ƙwallo. Bayan wa'adin Malam Yusuf Abdallah Usman ya cika a 2017, Hukumar ta yi kusan shekara 3 a hannun masu riƙon ƙwarya, kuma kowa ya san mai riƙon ƙwarya ba ya dasa itacen da zai yi shekaru kafin ya ba da inuwa, tunda bai san ko zai kai gobe a ofis ba. A 2020 aka naɗa Farfesa Abba Isa Tijani daga Jami'ar Maiduguri, masanin fannin, wanda a zamaninsa Jamus ta sa hannu a 2022 kan mayar da mallakar kayan Binin fiye da 1,000. A Maris na 2024 aka naɗa Olugbile Holloway, wanda ya fito daga harkar tallace-tallace da sadarwa ta 'yan kasuwa, a zamaninsa kuma Holan ta dawo da kaya 119 a 2025. Ba wanda ya isa ya hana wa ɗayansu yabon abin da ya yi. Abin tambaya shi ne hanyar. A wace jarida aka yi shelar kujerar? Su wane ne suka nema? Wa ya zauna ya yi musu tambayoyi, da wane ma'auni aka fifita wani a kan wani? In an dace da mutumin kirki ta wannan hanya, sa'a ce aka taka, kuma ƙasa ba ta jingina dukiyar kakanninta a kan sa'a. Hannun da ya ɗora na gari yau ba tare da ya yi wa kowa bayani ba, shi ne zai ɗora na banza gobe, babu kuma mai bakin magana, domin an riga an yi shiru a karon farko.

Abin mamaki, a cikin wannan wata na Maris 2024 ɗin ne Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan shi ma ya sami sabon darekta. Dalilin da ya sa kujerar ta zama fanko abin lura ne. A 2023 aka gano cewa kaya wajen 2,000 sun ɓace ko sun lalace a ɗakunan ajiyarsu, aka kori wani babban ma'aikaci, shi kuwa darekta Hartwig Fischer, wanda ba a zarge shi da ɗaukar ko allura ba, ya ajiye aiki a watan Agusta saboda an yi masa gargaɗi tun da wuri bai ɗauka da muhimmanci ba. Daga nan amintattun gidan suka yi shelar kujerar a fili har da albashinta, suka tantance masu nema, suka zaɓi Nicholas Cullinan, sannan Firayim Minista ya sa albarka kamar yadda dokarsu ta tanada. Gidan da ke riƙe da ganimar Binin ba wurin koyon tsoron Allah ba ne, wannan gaskiya ne. Amma abin kunya ne a ce mai riƙe da kayan wani ya fi mai kayan sanin yadda ake zaɓar mai gadinsu.

In haka abin yake a sama, a ƙasa ya fi muni. A ma'aikatun jihohi da ƙananan hukumomi an daɗe ana ɗaukar sashen al'adu da tarihi tamkar zaure ne na jiran fansho. Ma'aikacin da ya saɓa da maigidansa, can za a tura shi ya huce. Wanda yake da uwa a gindin murhu amma ba shi da takardar da za ta kai shi ofishin kuɗi, can za a raɓa shi. Wanda ya yi shekara huɗu a Zariya ko Ibadan yana karanta ilmin tone-tonen tarihi, ko ya sami horo a makarantar koyon aikin gidan tarihi da ke Jos, yana nan yana koyarwa a makarantar kuɗi ko yana tuƙa a-daidaita-sahu, domin bai san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa ba. Sa'an nan a dawo ana cewa babu ƙwararru.

Sai batun albashi, wanda manya ba sa son a ɗaga shi, wai ƙaramar magana ce. A 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka yanke mafi ƙarancin albashi naira 125, wanda a canjin wancan lokaci ya kai kimanin dalar Amurka 200. A Yulin 2024 aka mayar da shi naira 70,000, wanda a ranar da aka sa hannu bai cika dala 50 ba, kuma kafin shekarar ta ƙare buhun shinkafa guda ya fi ƙarfinsa. Maigadi da mai shara da masinja da mai zagayawa da baƙi, a kusa da wannan mataki suke, su ne kuwa masu kwana da kaya, su suka san tagar da sakatarta ta lalace da daren da babu wuta. Bugu da ƙari, ma'aikatan ƙananan hukumomi a jihohi da dama, har da Nasarawa, sun ɗanɗana biyan albashi kashi-kashi a shekarun da suka biyo bayan faɗuwar farashin man fetur ta 2014. Mutumin da aka ba rabin haƙƙinsa aka ce ya yi haƙuri, aka kuma rataya masa mabuɗin ɗakin da abu guda a cikinsa zai saya masa gida a Abuja, an zalunce shi sau biyu: an hana shi abinci, an kuma ajiye shi a bakin tukunya.

Ba zato ake yi ba, an gani. A Janairun 1987 ɓarayi suka fasa gidan tarihin Jos da dare, suka yi wa maigadi dukan kawo wuƙa, suka kwashe kaya 9 daga cikin mafi daraja, har da wani kan tagulla na Ife. A shekarun 1990 aka yi ta sata a gidan tarihin Ife da na Esie a Jihar Kwara, wanda shi ne gidan tarihi na farko a ƙasar nan tun 1945. Waɗannan shekaru su ne shekarun da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira ya mayar da albashin ma'aikaci abin dariya. Wanda ya ce babu dangantaka tsakanin abubuwan nan biyu, sai ya faɗi abin da ya sa ɓarayi suka san akwatin da za su nufa cikin duhu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan ba tuhuma ba ce ga ma'aikatan gidajen tarihi, waɗanda mafi yawansu sun riƙe amana cikin yunwa, wasu har da jininsu kamar maigadin nan na Jos. Tuhuma ce ga waɗanda suka bar su a haka.

Za a sami mai cewa, ai riƙon amana ba a sayensa da kuɗi, ga shi a Landan ma inda ake biyan albashi mai tsoka an yi sata. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma ta tsaya a rabin hanya. Abin da ya ba da ƙofa a Landan shi ne kaya da yawa ba a shigar da su rajista yadda ya kamata ba, har aka daɗe ana ɗiba ba a sani ba. Abin da kuma ya tona asirin kan Ife da aka sace a Jos shi ne an riga an rubuta shi an ɗauki hotonsa an sanar da duniya. Ya ɓulla a Beljiyam, inda aka yi gwanjonsa a 2007 a kan kuɗi ƙalilan, da aka zo sayar da shi a Ingila bayan shekara 10 sai masu gwanjo suka gane shi, ya ƙare a hannun 'yan sanda. Ashe abu biyu ne ke tsare kaya, ƙoshin mai gadi da littafin rajista, kuma littafin ba ya rubuta kansa. Sai an ɗauki wanda ya iya, an biya shi, an ba shi kyamara da kwamfuta da wutar da za ta tashe su. A nan ne ake wata yaudarar: a biya albashi da ƙyar, a hana kuɗin gudanar da aiki, darekta ya koma maroƙi yana bin ofis-ofis neman kuɗin man janareta da maganin gara, ma'aikata su wuni a gindin bishiya, daga baya a zo a ce ba sa aikin komai.

Wani kuma zai ce, asibiti babu magani, makaranta babu kujeru, ina ake ta gidan ajiye tsofaffin tukwane? Mai wannan magana ya fi na farko hujja, kuma amsarsa ita ce: in ba za a iya ɗaukar nauyin ma'aikata ba, to kada a gina. Wannan ba gatse ba ne. Takobin da ke rataye a ɗakin wani dattijo a cikin garin Keffi, da takardun ajami da ke cikin gafakar wani gidan malamai, sun fi tsira a inda suke a kan a tattaro su wuri guda a yi wa ɓarawo sauƙin aiki. Amma a lura, kuɗin da ake kashewa a bikin buɗe gini guda, da rumfuna da abinci da man motocin rakiya, ba a taɓa jin an ce babu su ba. Talauci ba ya tashi sai an zo kan albashin maigadi.

Akwai kuma wani dalili da ya keɓanta da Keffi, wanda ya sa kujerar nan ta fi ƙarfin bafade. Wane labari gidan zai bayar game da Magaji Ɗan Yamusa? A wurin mutane da yawa gwarzo ne da ya ƙi sunkuyar da kai ga baƙin haure ya kuma ba da ransa a Burmi, kuma haka ne. A rubuce-rubucen Turawa kuwa mai harin bayi ne, kuma ko da yake sun faɗi haka ne don su halatta mamayarsu, ba ƙarya ba ce cewa an yi harin bayi a wannan yanki a ƙarni na 19, kuma jikokin waɗanda aka kai wa harin suna nan da ransu da tunaninsu. Ƙasar Keffi ba ta mutum ɗaya ba ce. Akwai Fulani da Hausawa, akwai Gwandara da Gade da Yeskwa da Gwari da Afo da Mada da Eggon, kowa da abin da kakarsa ta gaya masa. Gidan tarihin da aka gina da kuɗin dukansu tilas ne ɗan kowannensu ya shiga ya ga kansa a ciki ba tare da an ci masa fuska ba, ba kuma tare da an yi masa ƙarya ba. Wanda aka naɗa don ya faranta wa fada zai share rabin labarin, wanda aka naɗa don ya faranta wa masu adawa da fada zai share ɗaya rabin. Sai masani mai zuciya, wanda cin abincinsa bai rataya a kan murmushin kowa ba, shi ne zai iya rubuta allon bayanin da za a kafa a gindin Dutsen Maloni, ya kuma iya zama da iyayen yara ya fahimtar da su cewa ɗakin da aka jera tukwane da mutum-mutumin mutanen da, makaranta ce, ba ɗakin tsafi ba.

Saboda haka duk wanda zai ɗauki wannan aiki a Keffi, ko Gwamnatin Jiha ce, ko Majalisar Masarauta, ko jami'a, ko Hukumar Tarayya, ya fara da takarda kafin siminti. A rubuta doka da za ta ce kujerar darekta sai an yi shelarta a jarida da rediyo, da Hausa da Turanci, tare da sharuɗɗanta da albashinta, a kuma bayyana sunayen waɗanda suka kai matakin ƙarshe. Kwamitin tantancewa ya haɗa da wakilin masarauta, da malaman tarihi na jami'a, da ƙwararre daga Hukumar Tarayya, da wakilan ƙabilun ƙasar, kada kuma a bar wa mai naɗi ikon tsallake sunayen da suka miƙa ya ɗauko na aljihunsa. A yanka masa wa'adi sananne wanda ba za a katse ba sai da laifin da aka tabbatar a gaban kwamiti, a kuma hana riƙon ƙwarya ya wuce 'yan watanni. Batun ɗan asalin gari, wanda lalle za a tayar, a ajiye shi a inda ya dace: in an sami ɗan Keffi da ya cika sharuɗɗa, madalla, ga jami'a nan a cikin gari tana yaye su. In ba a samu ba, a ɗauko daga duk inda yake a ɗora masa sharaɗin ya horar da 'yan gari, kamar yadda aka horar da Ekpo Eyo.

Albashinsa kuwa a daidaita shi da na babban malamin jami'a, domin daga can za a zawarto shi, kuma ba mai barin kujerar farfesa ya zo ya karɓi albashin akawu sai wanda yake da wata manufa. Amma kada a tsaya a kansa. Kuskuren da aka saba yi shi ne a cika wa shugaba aljihu da alawus da mota, a bar na ƙasa da shi a kan aikin wucin gadi. Maigadi ya zama cikakken ma'aikaci mai fansho, da alawus na kwanan dare da na haɗari. A ɗauki mai rajista, da mai gyara da adana kaya, da malamin da ya iya karanta Larabci da ajami, domin rabin tarihin garin a cikin wannan rubutu yake. A ware kuɗin gudanarwa a cikin kasafin shekara da sunan gidan, ba a cusa shi a ƙarƙashin wani sashe inda zai narke ba. Ranar da darekta zai kama aiki a ƙidaya kaya ɗaya bayan ɗaya a gabansa ya sa hannu, ranar da zai sauka a sake ƙidayawa kafin a biya shi garatuti, a kuma ajiye kwafin rajistar a jami'a da fada da ofishin Hukumar Tarayya, yadda ko gobara ko ɓatan fayil ba za su zama mafaka ba.

Masu kayan suna nan suna kallo. Akwai gidaje a Keffi da ƙauyukanta da ke riƙe da wasiƙu da sulke da tambura da kayan saƙa da na ƙira tun na kaka da kakanni, kuma ba wanda zai tilasta musu su fito da su. Dillalan da suka share ƙasar Nok sun san hanyar waɗannan gidaje, suna kuma zuwa da kuɗi a hannu. Dattijon da aka je roƙonsa ya ba da gadon gidansu don amfanin jama'a ba zai tambayi hawa nawa ginin yake da shi ba. Zai tambayi sunan wanda za a danƙa wa, da wanda ya kawo shi, da ko an biya yaran da ke gadin wurin albashin watan jiya. Aron da aka ba Faransa na kayan Nok zai cika shekara 25 a 2027, kuma ranar da Nijeriya ta buɗe baki ta ce a dawo da su kusa da inda aka tono su, wannan tambaya ta dattijon ita ce za a yi mata a Faris.